Fartanya Ashirin da Bakwai

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, mutum ne mai son ƙirge. Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba. Shi dai hankalinsa ba ya kwanciya sai ya san adadin abu. Ya san yawan kunyoyin gonarsa, ya san yawan zabinsa har da masu kwana a kan itace. Matarsa Rifkatu takan tsokane shi ta ce da ruwan sama zai tsaya masa, da ya ƙirga ɗigonsa.

Yana da wa guda ɗaya, sunansa Habila. Habila ne ya koya masa riƙon fartanya bayan rasuwar mahaifinsu, shi kaɗai ne kuma ya rage a duniya mai kiransa Auta. Da rani ciwo ya kwantar da Habila. Ya tashi, amma hannunsa na dama bai tashi tare da shi ba. Tun daga nan ya rage magana, yakan zauna a ƙofar ɗakinsa yana kallon hanyar gona, yana tambayar kansa ko har yanzu yana cikin mutane.

Da damina ta kama, ciyawa ta taso wa dawar manomin, sai ya kira gayya. A garin nan akwai al'ada: idan hantsi ya yi aka tsaya shan kunu, kowa yakan jingina fartanyarsa a jikin itace, mai gona ya ƙirga su, ya faɗa wa uwargida, ita kuwa ta koma ta kwaso tuwo, malmala ɗaya ga kowace fartanya. Tun kakanni haka ake yi, kuma bai taɓa ba kowa kunya ba, domin duk wanda ya zo gayya da fartanya yake zuwa.

Ran nan Habila ya zo tun da sassafe, hannu sake. Ya bi bayan masu noma a sunkuye, duk inda fartanya ta watsa ƙasa ta binne 'yar shuka, sai ya sa yatsun hagunsa ya tone ta, ya miƙar da ita, ya karkaɗe mata ganye, ya wuce ga ta gaba.

Hantsi ya yi, Rifkatu ta kawo kunu, fartanyoyi suka jeru a jikin tsamiya. Manomin ya bi su da yatsa sau biyu, yadda ya saba, ya ɗaga murya ya ce, “Ashirin da bakwai.”

Rifkatu ta ɗan dubi gefen da Habila yake tsaye, ta ce, “Maigida, ashirin da bakwai ka ce?”

Ya ce, “Sau biyu na ƙirga. Yi sauri, rana na tafiya.”

Da rana ta take, aka hango tuwo tafe, Habila ya ce wa na kusa da shi bari ya ɗan zaga. Bai dawo ba, ba wanda ya lura. Aka raba tuwo, kowa ya ɗauki nasa, babu ragi babu ƙari, manomin kuwa ya ji daɗin ƙirgensa ƙwarai.

Da la'asar aka gama, mutane suka watse. Manomin ya zauna a gindin tsamiya ya jingina kansa inda fartanyoyin suka jingina. Iska mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kaɗawa, kurciya tana kuka can nesa, gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Sai ya ga gonar ta yi ta buɗewa har ba ta da iyaka. Dawa ta nuna, kawunanta suna rausaya a hankali cikin wani haske irin na bayan ruwan yamma. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata babbar inuwa, an jera akusa, tuwo yana tururi. Mai wannan gona yana tsaye a bakin inuwar, hasken bai bar shi ya ga fuskarsa ba.

Yana cikin kallo sai ga fartanyoyi suna fitowa daga cikin dawa, su kaɗai, babu mai riƙe da su. Suka zo suka kewaye akusan suka zauna, tuwo yana hucewa a gabansu, ba wadda take da bakin ci. Mutane kuwa suna tsaitsaye a rana. Manomin ya so ya yi dariya, amma da ya duba hannunsa sai ya ga babu kome a ciki, hannun kuma ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ya ji muryarsa ta safe tana yawo a saman gonar tana cewa ashirin da bakwai, ya kuwa san cewa ba ya ciki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron a tsallake shi yana tsaye.

Mai gonar bai ko dubi fartanyoyin ba. Ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar wanda ba shi da wani aiki a duniya sai wannan. Sunan farko da ya kira shi ne Habila. Aka yi ta shiga inuwa, aka yi ta shiga, har ya rage manomin shi kaɗai. Sai muryar ta ce, “Auta.”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ban zo da fartanya ba.”

Muryar ta ce, “Ban tambaye ka fartanya ba. Ga wurinka can kusa da wanka.”

Ya farka, rana ta yi ja. Ya shiga gonarsa yana tafe a hankali. A rabin da aka noma da safe, kowace shuka tana tsaye, a gindinta kuwa ga sawun yatsu a kan ƙasa. Ya fara ƙirga su bisa halinsa, ya kai ɗari, ya kai ɗari uku, ƙirgen ya ɓace masa. A rabin da aka noma bayan tuwo babu sawun yatsa ko ɗaya, shukoki da yawa suna kwance a ƙarƙashin ƙasa. Nan ya tsaya, kunya ta rufe shi.

Ya je gida ya karɓi tuwo wurin Rifkatu, ya nufi ɗakin wansa. Ya durƙusa ya ajiye akushin, ya ce, “Yaya, na bar ka da yunwa.”

Habila ya daɗe yana kallon akushin, sa'an nan ya ce, “Auta, ba yunwa ce ta kore ni ba. Na ji ka ce ashirin da bakwai, ni kuwa ina tsaye a gabanka.”

Hawaye suka zubo wa manomin. Habila ya jawo akushin tsakaninsu da hannun hagu, ya ce, “Wanke hannunka. Ba na iya gutsura da kyau yanzu, sai ka taya ni.”

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Gonar ita ce ikilisiya, ita ce kuma gidan kowannenmu. Fartanya ita ce abin da mutum yake iya yi wanda ido ke gani: ƙarfi, murya mai daɗi, iya magana a gaban taro. Manomin mu ne, har da ni mai faɗa muku. Mai babbar gonar kuwa shi ne Ubangiji Allah.

Manomin nan bai yi kuskuren ƙirge ba, fartanyoyin ashirin da bakwai ne cif. Kuskurensa shi ne ya ƙirga kayan aiki ya ɗauka mutane ya ƙirga. Sanin adadi daban, sa mutum cikin naka daban. Mu ma mun iya na farkon sosai. Kowace Lahadi muna sanin mutum nawa suka zo sujada, mawaƙa nawa suka tsaya, maza nawa suka fito aikin gini. Amma tsohuwar da ƙafa ta hana ta zuwa, wadda take kiran sunayen 'ya'yanku cikin addu'a kowace safiya, wa ya sa ta a ciki? Ita ce take tone mana shukar da muke binnewa cikin saurinmu. Ina faɗa muku da baƙin ciki, sau da yawa irin waɗannan suna tsaye a gabanmu sa'ad da muke faɗin adadi, suna kuma ji.

Allah ba ya duba abin da ke hannunka kafin ya ba ka wuri. Da sunanka ya san ka, tun kafin ka iya riƙe kome, zai kuma san ka da shi ranar da hannunka zai saki. Wannan rana tana zuwa ga kowa, har mai ƙarfin cikinmu.

Saboda haka idan an tashi yau, kada ka tsaya duba su wa suka zo. Tuna wanda ya zaga bai dawo ba. Ka san gidansa, ka san sunansa. Ka je kafin tuwon ya huce.