Rabon da Cyril Ya Zaɓa

Akwai wata mata a unguwar Narayi, ana ce da ita Madam Nkiruka. Mijinta Obiora yana sayar da kayan gyaran mota a Kakuri, har ciwon huhu ya kwantar da shi. 'Yarsu Chiamaka nas ce a ƙasar waje. Da asibitin da take aiki ya sabunta kayansa, aka ba ta injin oksijin ɗaya cikin waɗanda aka daina amfani da su, lafiyarsa ƙalau, ta turo wa mahaifinta. Injin ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kwana ya ƙare.

Da aka dawo daga jana'iza a ƙauye, yayan marigayin, Cyril, ya tattara kayan ƙanensa a ɗaki ɗaya ya garƙame da kwaɗo. A al'adar gidansu ko allura ba a taɓawa sai matar ta fita takaba, dangi sun zauna an yi rabo. Cyril kuwa ba a tanƙwara shi. Ko a coci ya ce kujera ta karkace, sai an gyara ta kafin a fara addu'a.

Wata rana da tsakar rana sai ga Sista Rebecca. Tare suke waƙa a coci da Nkiruka, ita ce kuma nas ɗin wani ƙaramin asibiti a Kakau. Ko zama ba ta yi ba.

"Mama Chiamaka, na san abin da zan roƙa da nauyi," in ji Rebecca. "Wata Patience ta haifi bakwaini jiya, numfashinsa sama-sama. Tukunyar oksijin ɗinmu ta kusa ƙarewa, babban asibiti kuma sun ce babu gado. Ki ara mana injin marigayi Oga."

Nkiruka ta ɗauko wayarta. Ta kira Cyril, wayarsa a kashe, yana hanyar Onitsha zai saro kaya. Ta san abin da ake cewa da matar da ta taɓa kayan mijinta kafin lokaci. Ta tsaya tana kallon ƙofar, ta tuna yadda Obiora yake kokawa da numfashi. Sai ta shiga kicin ta ɗauko taɓarya, ta fasa kwaɗon, ta ba Rebecca injin.

Kun san maƙwabta ba sa barin labari ya huce. Cyril na dawowa, gidan ya nufa.

"Matarmu, which kind thing be this? Wane irin abu ne wannan? Ƙasar kabarin ƙanena ba ta bushe ba, har kin fara fitar da kaya?"

Ta durƙusa. "Broda, na yi laifi, ban musa ba. Amma ka je ka gani da idonka, sannan ka yanke min hukunci."

"Zan je, amma ɗauko shi zan yi."

Haka suka tafi Kakau. A ɗakin suka tarar da jaririn, ɗan mitsitsi, an sa masa siririyar roba a hanci, injin yana ta gurnaninsa a gefe. Kafin Cyril ya buɗe baki, uban yaron, wani manomi mai suna Wilfred, ya zube gabansa.

"Baba, ashe kai ne mai injin? Ba ni da bakin godiya. Wannan ne na farko da ya zo mana da rai."

Cyril ya kawar da kai, ya tambayi Rebecca, "In aka cire fa?"

"Ba zai kai yamma ba, Oga."

Ya daɗe yana kallon ƙirjin yaron yana hawa yana sauka. Ya juya ya fita, bai ɗauki injin ba, bai kuma ce ya yafe ba. Watanni Nkiruka na cikin fargaba. Yaron ya warware an sallame shi, wasu jariran sun hau injin, amma ta san ranar rabo za a ce a dawo da shi a sayar, ita kuma ta sha kunya gaban dangi.

Ranar ta zo. Bisa al'ada babban wa ne ke fara zaɓa, kowa kuma ya san idon Cyril na kan motar marigayin. Wani kawu ya fara tayar da maganar kwaɗon da aka fasa. Cyril ya ɗaga masa hannu.

"Injin nan na Kakau shi ne rabona," ya ce. "Ba na son komai bayansa. Tunda nawa ne, na bar wa asibitin har abada. Wanda ke da magana kan kwaɗo, ya zo ya same ni."

Nkiruka ta rufe fuska da zaninta ta fashe da kuka, wannan karon na godiya. Cyril ya share nasa idon da bayan hannu, ya ce, "Matarmu, tashi. Da kin jira ni, da mun binne yaron nan."

Darasi: Abin da ka kulle a ɗaki ba ka amfani da shi, wataƙila shi wani ke jira ya rayu. Keken guragu, gadon majinyaci, sandar dogarawa, kai su asibitin da ke kusa da kai tun suna da amfani. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ko Allah zai sa wani ya buɗe ɗakinsa yau.