Taurari a Bayan Ƙwaryar Kulu

An yi wani sarki a wata alƙarya da annoba ta ratsa, ta ɗauke masa 'yarsa tilo, Kulu, yarinya mai son kallon taurari. Baƙin ciki ya rufe masa ido, har ya yi umarni a gina ƙubba bisa kabarinta, a zana samaniya a rufinta, kuma kada namiji ya taɓa fartanya sai an gama, alhali damina ta kankama.

Waziri Mu'allayidi, dattijo mai kawaici, ya san in shuka ta wuce, wanda annoba ta bari yunwa za ta ƙarasa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni ƙwaryar da marigayiya take shan fura, in fara kawo maka samfurin samaniyar."

Sarki ya ce, "In ba ta cika kamar ta Allah ba, a bakin rawaninka."

Waziri ya bi gari gida-gida da ƙwaryar da tsinken ƙarfe, inda duk aka yi rashi sai a sa ƙarfen a wuta, a ɗiga tauraro ɗaya don kowane mamaci. Wayyo, ashe babu ƙofar da za a tsallake! Wata masaƙiya da ta rasa 'ya'yanta ta ɗiga nasu a cure kamar taurarin nan 'ya'yan Kaza, ta bar gurbin uwar, ta ce, "Ita tana nan tukuna, Waziri."

Da ya komo fada, sarki ya juya ƙwaryar, ya ga ta cika maƙil, ya ce, "Ina tauraron Kulu?"

Waziri ya bayyana masa ma'anar ɗige-ɗigen, ya miƙa masa ƙarfen, ya nuna wani ɗan gurbi a gefen baki. "Nan ne kaɗai ya rage, ranka ya daɗe."

"Wannan na kusa da shi fa, na wane ne?"

"Ɗana ne, Hashimu. Rana ɗaya aka binne su."

Kunya ta kama sarki, domin wallahi ko ta'aziyya bai yi masa ba. Ya ɗiga na Kulu, hawaye na zuba.

Nan take ya sallami magina zuwa gonakinsu, ya buɗe rumbunan fada aka raba iri, ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, sannan ya taka da ƙafa har gidansa ya yi gaisuwar Hashimu.

Lalle adalcin mai mulki yana farawa ne ranar da ya ƙidaya mamacinsa ɗaya cikin mamatan jama'a.