Idon Fiddausi na Hagu

Zulkiflu injiniya ne, haifaffen Zariya, yana aiki da wani kamfanin gas a Doha tun farkon shekarun dubu biyu. Mutum ne mai kula da iyalinsa, ba ya yawon banza, hannunsa kuma a buɗe yake. Aibinsa guda ɗaya ne, amma babba: ba ya iya ɗaukar kaye. Ko ludo aka buga a falo aka cinye shi, sai fuskarsa ta canza, ya ce sai an sake. Abokansa 'yan gida da suke taruwa a wurinsa a unguwar Madinat Khalifa ranar Juma'a har sun daina buga komai da shi. Matarsa Haulat ta sha yi masa magana a kan wannan hali, shi kuma kullum amsarsa ita ce duk wanda ya saba da faɗuwa a wasa zai saba da ita a rayuwa.

'Yarsu ɗaya ce, Fiddausi, mai shekara tara. Yarinya ce mai shiru, ba abin da take so kamar katun na Japan da ake nunawa da Larabci a tashar yara. Daga nan ma ta koyi rabin Larabcinta. Wata rana a lokacin sanyi ta dawo daga makaranta da gudu, ta ce wasu ma'aikata 'yan Japan da ɗalibai za su yi bikin katun da wasannin gem a kan wani titi a garin Al Wakrah da ke bakin teku, kuma yara za su hau dandamali sanye da kayan jaruman da suke so. Haulat ta zauna a kan keken ɗinkinta ta yi mata shuɗiyar riga mai faffaɗan hannu da jar ɗamara. Zulkiflu da kansa ya yanka mata takobin kwali, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli, ya yi mata alkawarin zai tsaya a sahun gaba ya ɗauke ta hoto.

Ranar bikin suka kama hanyar kudu bayan la'asar. Bikin ba wani babba ba ne. Titi ɗaya aka rufe kusa da inda jiragen masunta suke tsayawa, aka kafa rumfuna, aka rataya fitilun takarda, iskar teku tana kaɗa su tana kawo ƙarnin kifi. Samari sun sa gashin roba kore da ruwan hoda, wasu 'yan mata sun ɗora kunnuwan kyanwa a kan mayafin abayarsu. Akwai mai koya wa yara naɗa tsuntsu da takarda, akwai mai sayar da shinkafa naɗe da ganyen teku, wadda Haulat ta duba ta ce ita kam a bar ta da tuwonta. Fiddausi ta riƙe takobinta da hannu biyu, bakinta ya ƙi rufuwa.

A ƙarshen titin akwai rumfar gem, inda mutum biyu suke zama gaban allo suna faɗa da juna. Zulkiflu ya iya wannan wasan tun yana jami'a, yana kuma da irinsa a gida. Ya ce wa Haulat su je su rubuta sunan yarinyar, shi zai ɗan taɓa sau ɗaya ya same su. Ya zauna ya cinye wasu samari biyu a jere, aka tafa masa, kansa ya fara girma.

Sai wani dattijo ɗan Japan mai furfura ya zauna a kujerar gefensa. Kafin Zulkiflu ya gyara zama an kayar da shi. Dattijon ya juyo ya ɗan sunkuyar da kai cikin ladabi, kamar yadda suke yi a ƙasarsu. Wasu daga cikin masu kallo suka yi dariya, ba don mugunta ba, amma Zulkiflu ya ji kamar da wuƙa aka soke shi. Ya ce a sake. Aka sake, aka kuma kayar da shi. Saurayin da ke kula da rumfar ya ce masa khalas, wato ya isa haka, akwai mutane a layi, Zulkiflu ya yi kamar bai ji ba. Dattijon ya so ya tashi, Zulkiflu ya nuna masa kujera da hannu, shi kuma don kada ya ɓata wa baƙo rai ya koma ya zauna.

Haulat ta zo ta tsaya a bayansa, ta ce a hankali, "Abban Fiddausi, an fara jera yaran. Kai take nema."

"Ku je, ina zuwa yanzu," ya ce, idonsa na kan allo.

Ta koma ta samu Fiddausi a layi tana ta leƙen hanya. Yarinyar ta ce ba za ta hau ba sai Abba ya zo, kuma kafin uwar ta riƙe ta, ta sulale cikin mutane.

A daidai lokacin ne Zulkiflu ya fara samun sa'a. Ya gano dabarar dattijon, ya matsa masa, saura bugu ɗaya ya gama da shi. Sai ya ji an ja hannun rigarsa, wata 'yar murya ta ce, "Abba, an kusa kiran sunana." Yatsansa ya zame. Dattijon ya kai bugun ƙarshe, allo ya nuna an sake cinye Zulkiflu.

Ya san muryar wace ce. Daga baya ya so ya yaudari kansa cewa bai sani ba, amma ya sani. Zuciya ce ta ɗebe shi, ya fizge hannunsa ya wurga shi baya da dukan ƙarfinsa, yana riƙe da na'urar da ake danna gem ɗin da ita. Kusurwarta ta samu Fiddausi a idon hagu.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, jini yana bin yatsunta yana sauka a kan shuɗiyar rigar. Dattijon ne ya fara durƙusawa a gabanta da farin hankici. Zulkiflu ya tsaya kamar an dasa shi, yana jin ana kiran sunan 'yarsa a lasifika daga can wajen dandamali.

Motar asibiti ta kai su Doha, aka shiga da ita tiyata. Likitan da ya fito ya ce sun ceci ƙwayar idon, amma ganin ba zai dawo ba. Da yake abin ya faru a gaban jama'a, washegari wata 'yar sanda ta zo ta zauna a bakin gadon yarinyar, ta tambaye ta yadda aka yi. Zulkiflu yana tsaye a bayan labule yana ji.

Fiddausi ta ce, "Laifina ne. Ni na ja masa hannu yana wasa. Don Allah kada ku tafi da Abbana."

Aka rubuta cewa tsautsayi ne, aka rufe maganar. Zulkiflu ya fita ya zauna a kan matattakala ya yi kukan da bai taɓa yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Da an kama shi da ya fi masa sauƙi.

Haulat ba ta zage shi ba, ba ta kuma ɗaga masa murya ba. Gidan ne kawai ya yi tsit. Yarinyar takan firgita in ya miƙa hannu ko da kofi zai ɗauka. Da aka yi hutun makaranta Haulat ta ce masa za ta kai ta Zariya wurin iyayenta. Ta ce ba saki take nema ba, so take 'yarta ta samu inda za ta zauna ba tare da ta riƙa lura da hannun kowa ba. Ya kai su filin jirgi ya dawo gida shi kaɗai.

Duk shekara yakan je hutu ya gan su. Fiddausi ta girma, takan durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa ruwa, ta tambaye shi aiki. Ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk inda ya zauna, takan tashi ta canza wuri don ya kasance a damanta, inda take iya ganinsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda bai koyi ɗaukar kaye a ƙaramin abu ba, wata rana zai yi asarar da ba ta da gyara. Girman kai da saurin fushi ba kasafai suke cutar da abokin hamayya ba, wanda ya fi kusa da kai kuma ya fi yarda da kai suke samu. Idan aka cinye ka, ka tashi ka miƙa hannu ka tafi wurin waɗanda suke jiranka. Wasa ana iya sake shi, amma abin da hannu ya aikata cikin fushi ba ya sakuwa.