Motar Da Keken Inna Bai Shiga Ba

A wani kamfanin sayar da kayan gini an yi wani mai kula da sito da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Manaja. Ba manajan ba ne, aikinsa shi ne lura da shige da ficen siminti da rodi da kwanon rufi. Tsokana ce ta jawo sunan, don kullum sai ya zo aiki da takalmi yana ƙyalli, ya riƙa tsallake garin siminti a kan yatsun ƙafa. Maimakon ya ji haushi, sai sunan ya yi masa daɗi, har in an kira shi da nasa na gaskiya ba ya saurin waiwayowa. A wajen aiki mutum ne mai amana, ko ƙusa bai taɓa ɗauka ba. Ciwonsa ɗaya ne, son a gan shi a ce wane ya fi ƙarfin inda yake.

Matarsa ta fi kowa sanin wannan ciwo, amma ta ɗauke shi irin halin da ake yi wa dariya a wuce. Ita ɗinkin labule take yi. Ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu ta mayar wajen aiki, da kekunan ɗinki biyu, da dogon teburin yanka, da yadi a naɗe jingine da bango, da sandunan labule na ƙarfe kwance a ƙasa. 'Ya'yansu huɗu. Ga kuma mahaifiyarsa, Inna, wadda tun da shanyewar ɓarin jiki ta same ta take zaune tare da su, ba ta zuwa ko'ina sai a keken guragu. Duk ranar asibiti matar ce ke fita titi ta tsayar da tasi. Direba ya leƙo ya ga keken ya ja motarsa, ta tsayar da wata.

Wannan wahala ce ta sa suka yi shawarar sayen mota. Shekaru suka yi suna tari wuri guda, a hannunsa. Ita ta fi zubawa, don duk aikin da ta gama sai ta cire na zare da na cefane ta miƙa masa saura. Da abin ya kusa kaiwa, ta sayar da babban kekenta mai aiki da lantarki, ta ce in mota ta zo aiki zai ƙaru, ta sayi wani.

Tare suka je wajen mai sayar da motoci. Tana shiga filin idonta ya faɗa kan wata mai ruwan toka, doguwa mai faɗin baya, irin wadda ake yi don iyali. Ta sa aka buɗe but ɗin, wato wajen zuba kaya na baya, ta zaro tef ɗin awo daga wuyanta, ta auna tsawo ta auna faɗi.

Mai motocin ya bushe da dariya. "Hajiya, na daɗe a sana'ar nan, yau na fara ganin mai sayen mota da tef."

"Ai mu ba ta yawo muke nema ba," in ji ta. "Baban yara, zo ka gani. Keken Inna zai shiga ba sai an sha wuya ba. In aka kwantar da kujerar baya har sandunana za su shige."

Shi kuwa yana can gefe, ya tsaya gaban wata baƙar mota mai sheƙi, gajera, cikinta kusa da ƙasa, kujerunta na farar fata. Ya dawo yana waiwaye.

"Na gani, ta yi," ya ce. "Ita za mu ɗauka."

Aka yi ciniki, aka rabu a kan zai dawo da kuɗin shi kaɗai bayan 'yan kwanaki.

A tsakanin kwanakin nan ne amininsa, akantan kamfaninsu, ya kawo musu ziyara. Tana kawo musu ruwa ta ji suna maganar sabon reshe da kamfanin zai buɗe, ana neman wanda zai shugabance shi a cikin tsofaffin ma'aikata.

"Kai ne za a ba," in ji Akanta. "Amma Manaja, tsakani da Allah, a motar ɗaukar kaya za ka riƙa zuwa ofis? Su manyan nan da ido suke auna mutum."

Ta yi murmushi ta ce, "Malam Akanta, in dai da ido ne, ai takalminsa ma ya isa." Aka yi dariya, ta koma bakin ɗinkinta. Ko kaɗan ba ta sa abin a ranta ba.

Ranar kawo mota yara suka ƙi zama a ɗaki. Har Inna aka turo bakin ƙofa. Can sai ga baƙar motar nan ta shawo kwana. Da ta zo shiga gidan cikinta ya karci tudun bakin get, ya yi ƙara. Manaja ya fito yana share gumi, bai yarda sun haɗa ido da matarsa ba.

"Maman yara, an riga mu," ya ce. "Ina zuwa na tarar wani ya biya waccan ya tafi da ita. Mutumin ya ji kunya, shi ya sa ya yi min ragi a wannan. Na ce da in dawo hannu rabbana, gara in kawo."

Da ta ga yadda ya sunkuyar da kai sai tausayinsa ya kama ta. Ita ce ma ta riƙa ba shi haƙuri. "Kada ka damu, ba rabonmu ba ce. Allah ya sa wannan ta fi alheri."

Ba a je ko'ina ba motar ta nuna halinta. Ranar asibiti aka naɗe keken Inna, aka juya shi ta kowace fuska, but ɗin ya ƙi rufuwa. Manaja yana tsaye yana ta faɗa kada a karce masa fenti. Aka ciccibo Inna aka sa ta a kujera, ta nutse can ƙasa kamar an jefa ta a rami. Wajen fito da ita sai da ta yi hawaye don zafin ƙugu.

"Ɗan nan, ku mayar da ni tasi," ta ce. "Wannan motar ta masu ƙafa ce."

Aka mayar da ita tasi. Sandunan labule kuwa ko maganarsu ba a yi ba. Yara ma aka kafa musu doka, ba a ci a ciki, ba a sha, ba a taɓa gilashi. In fita ta kama gida duka, sai a bar wasu a baya. Da safe shi kaɗai yake shiga abarsa, ya ɗaga gilashi, ya tafi.

Matar ta haƙura da wannan duka, tunda a ganinta ƙaddara ce. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne canjin da ta gani wajen danginsa. Yayarsa, wadda da suke raha kamar ƙawaye, ta zo duba Inna, ta amsa gaisuwarta a daƙile. Da za ta tafi ta tsaya kusa da motar ta ce, kamar da iska take magana, "Wasu matan dai son a sani zai kashe su. Tsohuwa na fama, su ƙyale-ƙyale ne a gabansu." Matar ta yi ta juya maganar a ranta, ba ta gano inda ta dosa ba.

Wata rana da hantsi tana cikin tasi za ta kai aiki, sandunan labule sun leƙo ta taga, direba sai mita yake yi. Hanya ta biyo da su ta gaban filin motocin nan. Ta ɗaga kai kawai sai ta hango ta, mai ruwan tokar nan, a inda ta bar ta. Ta ce wa direba ya tsaya.

Mai motocin ya gane ta nan take. "A'a, Hajiya mai tef! Yaya kuke jin daɗin baƙar?"

"Wannan ba an sayar da ita ba?"

"Wa ya saya? Tana nan tun ranar. Ai ni na yi mamaki da maigida ya dawo ya ce kin canza ra'ayi. Ya ce kin rantse ba za ki shiga motar 'yan dako ba, ƙawayenki za su yi miki dariya. Na ce ikon Allah, matar da ta auna but da hannunta?"

Ba ta san lokacin da ta dafa motar ba. Ƙarfen ya ɗauki rana, yana ƙona mata tafin hannu, amma ba ta janye ba. Ta tuna yadda ta tsaya a bakin get tana lallashinsa. Ta tuna kekenta da aka ɗora a mota aka tafi da shi tana kallo. Sai kuma maganar yayarsa ta dawo mata, yanzu ta gane ta sarai. Ashe bai tsaya ga cinye guminta ba, sai da ya ɗauki laifin ya rataya mata a wuya, ya bi dangi yana nunawa.

Ta kai aikin mutane, ta ɗaura labulen. Da ya dawo da yamma ya tarar da ita zaune a ɗakin ɗinki, ba ta ɗinka komai.

"Na biya ta wajen mai motoci," ta ce.

Ya tsaya cak da makulli a hannu. "Maman yara, bari in yi miki bayani."

"Me ka gaya wa Yaya?"

Ya shiga juya makullin a hannunsa.

"Na ce me ka gaya mata?"

"Ta matsa min da tambaya ne. Kin san halinta. Sai na ce ke kika fi son wannan."

"Inna fa?"

Ya kau da kai. Ta gane har Inna, wadda take yi wa wanka da hannunta kullum, an gaya mata haka, kuma tsohuwar ta haɗiye ba ta taɓa nuna mata a fuska ba. Wannan ne ya karya ta. Ta kifa kai a kan teburin yanka ta yi kuka mai isarta.

"Don mu na yi," yake ta faɗa. "In na samu kujerar nan, wallahi motoci biyu zan saya miki."

Kujerar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne kira daga ofishin mai kamfani. Aka rufe sito, aka bincika shi ciki da bai, ma'aikata suna leƙe suna ƙus-ƙus. Ba a samu ko buhu ɗaya da ya ɓata ba. Amma mai kamfanin ya gaya masa a fili cewa zuciyarsa ta kasa kwanciya da mai kula da sito da ke hawa motar da ta fi tasa. Ya ƙara da cewa shi da farko bai ma lura ba, Akanta ne ya jawo hankalinsa. Sati na zagayowa aka sanar da shugaban sabon reshe. Akanta ne.

Ranar Manaja ya dawo gida a ƙafa daga bakin titi, don motar ma tana gareji. Ramukan layinsu sun fasa mata wani abu a ƙasa, bakanike ya ce sai an yi odarsa daga waje. Ya shigo ɗakin ɗinki ya zauna a kan naɗin yadi, takalminsa ya yi buɗu-buɗu, bai ko kula ba.

"Akanta ya ci amanata," ya ce. "Mutumin da muke ci a kwano ɗaya. Shi ya zuga ni, shi ya je ya kai ni."

Ta ci gaba da taka ɗan kekenta har ta kai ƙarshen layi. Ta yanke zare, sannan ta dube shi.

"Da zafi ko?"

"Wallahi da zafi."

"To, haka yake."

Washegari da kansa ya kira yayarsa, ya durƙusa a gaban Inna, ya faɗi gaskiya tun daga farko har ƙarshe. Yayar ta rasa inda za ta sa kanta, ta kama hannun matar tana neman gafara. Inna ta daɗe tana kallon ɗanta.

"Ni ka hana hawa mota, wannan na yafe," ta ce. "Amma yarinyar nan da ke ɗaga ni tana kwantarwa, ita ka sa na riƙa yi wa kallon banza a zuciyata. Je ka nemi tata yafiyar, ba tawa ba."

Motar ta daɗe a gareji kafin a samu mai saye, shi ma da faɗuwa mai yawa. Abin da ya rage bai sayi komai ba sai wata tsohuwar doguwar mota mai tari da safe. Da ita ake kai Inna asibiti. Matar ta ce ta yafe masa, kuma ba ta sake tayar da maganar ba. Tana dafa masa abinci, tana goge masa kaya, suna hira kamar da.

Sai dai wata rana ta karɓo kuɗin wani babban aiki, ta shigo tana cire na zare da na cefane. Shi kuma, bisa sabo, ya miƙo hannu zai karɓi saura ya adana. Ta dubi hannun, ta dube shi. Babu faɗa a fuskarta, babu fushi.

"Bar shi, Baban yara," ta ce. "Zan riƙe da kaina."

Ya janye hannunsa a hankali. Har suka tsufa bai sake miƙa shi ba, ita ma ba ta sake ba shi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kafin ka sayi abu, ka dubi mutanen da za su yi amfani da shi, ba waɗanda za su kalle shi daga nesa ba. Masu kallo ba su san wahalar gidanka ba, wani ma yabonsa tarko ne. Kuma in son burga ya ja ka ka yi kuskure, ka ɗauki laifinka da kanka, kada ka jingina shi ga wanda ya yarda da kai. Mota in ta lalace ana gyarawa, in ta ƙi a sayar a sayi wata. Amma wanda ya ba ka amanarsa ka yi wasa da ita, zai iya yafe maka har zuciyarsa, ya zauna da kai lafiya, ba tare da ya sake damƙa maka ita ba.