Daɓen Jatau da Rijiyar Maƙwabcinsa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, sunansa Jatau, yana zaune da matarsa Rifkatu da tsohuwarsa. Ɗakin tsohuwar yana can ƙuryar gida, tsakaninsa da makewayi bai fi taku ashirin ba. Amma ƙasar gidan jar laka ce, da zarar ruwan sama ya sauka sai tsakar gida ta zama caɓi, ga santsi. A daminar da ta wuce tsohuwa ta zame a wannan 'yar hanya, ƙashin ƙugunta ya tsage, ta yi wata biyu a kwance. Sa'ad da mai ɗori ya gama aikinsa, sai ya ja Jatau gefe ya ce masa, "Ƙashin tsufa ne. Wannan karon ya kama, amma in ta sake faɗuwa, kada ka wahalar da kanka wajen kirana."

Jatau yana ƙaunar uwarsa, wannan kam ba wanda zai yi musu. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, kafin ruwa ya sake sauka zan yi miki daɓen siminti daga ƙofar ɗakinki har makewayi." Da kaka ta yi, ya sayo siminti buhu shida ya jingine a zaure, ya tara yashi da tsakuwa a bayan gida, yana jiran ya sami sarari.

Yana da maƙwabci, wai shi Nomau, sa'ansa ne, tare suka tashi. Nomau ya gaji wata rijiya a gidansa, mai zurfi, wadda ko a tsakiyar bazara, sa'ad da sauran rijiyoyin ƙauyen suka ƙafe, ita ba ta ƙafewa. Danga ce ta raba gidajen biyu, a jikinta kuwa akwai 'yar kafa da Rifkatu take bi ta ɗebo ruwa. Shekara da shekaru ana haka, ba neman izini, ba gori.

A cikin bazarar nan Nomau ya je birni, ya tarar da wani magini yana daɓe ba tare da ya kwaɓa siminti ba. Ya tsaya ya yi tambaya, aka koya masa. Da ya komo gida sai ya kafa katakai layi biyu, daga ƙofar gidansa har bakin rijiya, gama nan ne masu ɗibar ruwa suke dama laka. Ya gauraya siminti da yashi da tsakuwa a bushe, ya zuba tsakanin katakan, ya ja wani katako a kai har ya daidaita. Sa'an nan ya tsoma tsintsiya a ruwa ya yi ta yayyafawa a hankali, don kada ya wanke simintin da ke sama. Da saman ya kama, sai ya shiga shayar da shi sosai, safe da rana da yamma, har kwana bakwai, yana rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Mutane suka yi ta dariya suna cewa Nomau ya shuka siminti yana yi masa ban-ruwa.

Ranar da aka kwashe buhunan, dariya ta ƙare. Daɓe ya fito sumul, ga ƙarfi, har aka bi ta kansa da amalanken shanu bai ko tsage ba. Matan da ke zuwa rijiya suka kai labari gida-gida. Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, dattawa suka kewaye Nomau a ƙarƙashin darbejiya, wannan yana cewa ya zo ya duba masa ƙofar gida, wancan yana cewa bakin rumbu.

Jatau yana tsaye a gefe, ba wanda ya waiwaye shi. To, shi ne dā ake kira in ƙofa ta karye ko jinka tana yoyo, shi ake yi wa kirarin mai hannu. Ya komo gida zuciyarsa tana tafasa. Ku lura fa, Nomau bai ɗaukar masa kome ba. Bai ci masa iyakar gona ba, bai zage shi ba, simintinsa buhu shida suna nan a zaure ba wanda ya taɓa. Laifin Nomau ɗaya ne, an yaba shi a gaban Jatau.

Ga shi kuma a cikin gidan ma bai tsira ba. Rifkatu ta sauke tulu tana murna ta ce, "Maigida, dubi ƙafata. Daga rijiya nake fa, ko ɗigon laka babu." Tsohuwa kuma daga ƙofar ɗaki ta ce, "Allah ya yi wa ɗan nan Nomau albarka." Wannan albarka ita ta fi ƙona wa Jatau rai, kamar daga cikin rabonsa aka ɗiba aka ba wani.

Kashegari Nomau ya leƙo ta kan danga ya ce, "Jatau, na ga ka fito da kayan daɓen Inna. Bari in zo in taya ka. Aikin ba wuya, abin da yake ci kawai ruwa ne."

Jatau ya amsa ya ce, "Na gode. Siminti dai na san shi tun kafin ka san hanyar birni."

Ya yi aikinsa shi kaɗai, kuma a gaskiya ya iya. Ya auna faɗin daɓen Nomau da ido, ya ƙara taƙi ɗaya a nasa, ya zuba kayan a bushe yadda Nomau ya yi. Ya goge saman har yana sheƙi, ya ɗauki ƙusa ya zana ado a gefe da gefe, abin da Nomau bai yi ba. Ya yayyafa ruwa da tsintsiya yadda ya hango ana yi. Har nan ba kuskure.

Amma da ya ɗauki bokiti zai je ɗebo ruwan shayarwa, ya iso kafar danga, sai ya ga daɓen nan shimfiɗe har bakin rijiya. Ba yadda za a kai ga guga sai an taka shi. Ga mata uku a wurin, ya tabbata za su ce Jatau ma ya zo koyo. Ya juya, ya saro ƙaya ya toshe kafar, ya ce wa matarsa, "Daga yau kada ƙafar kowa a gidan nan ta sake taka wancan gida."

Rifkatu ta ce, "Maigida, ruwan fa? Bazara ake ciki."

Ya ce, "Rafi bai gudu ba."

Rafi kam bai gudu ba, amma ya bushe, sai an tona yashi a jira ruwa ya tsatso, ga nisa. Tulu biyu Rifkatu take iya kawowa a yini, a ciki za a sha, a dafa, a yi wa tsohuwa wanka. Abin da ya rage a gindin tulu shi Jatau yake yayyafa wa daɓensa, rana kuwa tana shanyewa kafin ya ajiye tsintsiya. Ko rufe shi bai yi ba, gama yana so duk wanda ya shigo ya ga adon.

A rana ta uku Nomau ya ɗago bokiti biyu cike da ruwa ta kan danga, ya ajiye a tsakar gidan Jatau, ya ce, "Ɗan'uwa, daɓen nan ƙishi yake ji. Saman ne kawai ya sha, cikin bai sha ba. Ko ba ka son ganina, karɓi ruwan." Jatau ya taso. Ya ɗauki bokitan nan da ruwansu, ya ɗaga ya mayar da su ƙetaren danga, har ruwan yana zuba masa a riga. Tsohuwa tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallo.

Da kwana bakwai suka cika ya cire katakai. Daɓe ya yi kyau, ya ma fi na Nomau kyan gani. Ya ƙwanƙwasa da yatsa ya ji tauri, ya bi gefe-gefe yana shafawa, bai yarda kowa ya taka ba, wai sai ranar da Inna za ta buɗe shi da ƙafarta. Ya kirawo mutane suka gani suka yaba. Amma in mutum ya ce, "Ya yi kyau," ya tsaya nan, Jatau ba ya jin daɗi, sai ya yi ta jan zancen har a ce ya fi na Nomau.

Ba a daɗe ba hadari ya haɗu da la'asar, aka yi ruwan farko kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya bi gefen daɓen da gudu, ya sami cikinsa sako-sako, ya yi ta kwashe yashi da tsakuwa daga ƙarƙashi. Saman yana nan lafiya lau da adonsa. Da gari ya waye Jatau ya ce, "Inna, yau ga ranar daɓenki. Taka ki wuce, laka ta gama da ke."

Tsohuwa ta dogara sandarta ta hau. Ta yi taku biyar, a na shida daɓen ya burma da ita kamar ɓawon ƙwai. Ta faɗi a kan ƙugun nan dai.

Ihun Rifkatu ne ya kawo Nomau. Bai tsaya zagayawa ta ƙofa ba, ya ratsa ƙayar nan da ƙafa, jini yana zuba a ƙwaurinsa, suka ɗauki tsohuwa shi da Jatau suka kwantar da ita a ɗaki. Da Jatau ya fito, ya durƙusa a bakin ramin ya sa hannu ta ƙarƙashin ɓawon, can tsakiya inda ruwan sama bai kai ba. Abin da ya damƙo gari ne, busasshe, yadda ya zuba shi ranar farko.

Ya koma ɗaki ya kasa duban uwarsa. Ita ce ta yi magana, ta ce, "Na ga ruwan da ka mayar. Na so in yi magana, sai na ce kai ne maigida." Jatau ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Bayan haka ya cire ƙayar da hannunsa. Shi da Nomau suka farfashe daɓen suka sake sabo, suka shayar da shi da ruwan rijiya har ya ƙoshi, ya kuwa yi ƙarfi. Amma ƙashin tsohuwa bai sake kamawa ba. Ta yi sauran kwanakinta ana ɗaukarta a bi da ita ta kan daɓen, ƙafarta ba ta taɓa taka shi ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, Ubangiji bai tara wa mutum ɗaya dukan baiwa ba. Ya ba wannan siminti, ya ba wancan rijiya, da gangan, domin mu bukaci juna. Sau da yawa abin da aikinka yake jira don ya tsaya, a hannun wanda kake yi wa hassada aka ajiye shi. Daɓen shi ne hidimar da aka danƙa maka, ko gidanka, ko tarbiyyar 'ya'yanka. Ruwan shi ne shawara da gyara da addu'ar ɗan'uwa. Hassada ba ta hana mutum aiki, tana ma sa shi ya ƙara faɗi ya ƙara ado. Abin da take hana shi shi ne ya je ya ce, "Koya mini."

Ina faɗa muku, abin nan yana cikinmu, kuma yana ba ni haushi. Mai waƙa a ƙungiyar mawaƙa ta ji an yaba muryar wata, sai ta daina zuwa koyon waƙa, wai mura take yi, murar wata huɗu. Dattijo ya ga an nemi shawarar wanda bai kai shi shekaru ba, sai ya koma kujerar baya yana gyaran murya. Mu masu wa'azi ma ba mu fita ba. Na taɓa zama ina sauraron wa'azin wani abokina, jama'a suna cewa amin, ni kuwa ina laluben inda zai yi tuntuɓe.

Ku kuma dubi wanda ya faɗi. Mai hassada yana zaton tsakaninsa da abokin hamayyarsa ne kawai, amma ba Jatau ne ya karye ba, ba Nomau ba ne. Wanda yake karyewa shi ne marar ƙarfin da ya amince da kai ya ɗora nauyinsa a kan aikinka, ko matarka, ko ɗanka, ko sabon mai bi da yake kallonka. Allah yana gafartawa, gaskiya ne, maƙwabci ma yana iya yafewa. Amma akwai ɓarnar da tuba ba ta mayar da ita yadda take, saboda haka kada ku jira sai wani ya faɗi.

Kada kowa ya fita daga nan yana cewa, "Kash, da ma wane ya zo ya ji." Da kai nake. Tun ina tsakiyar labarin nan wani suna ya faɗo maka a rai, ka yi sauri ka kore shi. To, shi ne. Kafin Lahadi mai zuwa ka je gidansa da ƙafarka, ka gaishe shi, ka yaba abin da Allah ya ba shi da bakinka, ba tare da ka ƙara da "amma" ba.