Akwatin Wasa Marar Ƙofa

Akwai wani mutum, kafinta ne, wanda ya tsufa a kan sana'arsa har ya bar shago ya koma gida. A garinsu an san shi da abu ɗaya: in ya haɗa akwati, ko allura ba ta samun wurin shiga. Mata sukan ajiye zannuwa a akwatin da ya yi har shekara ashirin, ba gara, ba kyankyaso, ba ɓera. Shi ma ya san da haka. Yakan shafa katakon da yatsa ya ce wa mai saye, "Nuna mini inda aka haɗa."

Yana da jikoki uku a birni, ba sa zuwa sai hutun Ista. Wata shekara da suka zo, kwana biyu kawai suka yi suka dami uwarsu a koma. Babbar cikinsu, Keziya, ta ce masa, "Tsoho, gidanka ba abin yi sai kallon awaki."

Ya yi dariya, amma maganar ta zauna masa a rai. Ya ce, "Baɗi in kun zo zan yi muku abin da ko ubanku bai taɓa saya muku ba. In ban yi ba, ku juya kashegari, ba zan hana ku ba."

Ta ce, "Mun ji, mun riƙe."

Abin da yake nufi kuwa wani akwati ne da ya taɓa gani a ƙofar sinima yana saurayi. Tsawonsa ya kai tsawon mutum, yana da fuska irin ta talabijin, da 'yar sanda da maɓallai a gaba. Mutum yakan tsaya ya juya sandar, ya danna maɓalli, ya yi ta tseren mota a cikin gilashin.

Katako dai ya san shi, amma waya da lantarki ba nasa ba ne. Sai ya tafi wurin taubashinsa Filibus, ɗan ƙanwar mahaifinsa, mai gyaran rediyo. Tun suna yara ba sa haɗuwa sai da tsiya, kamar yadda taubasai suka saba. Filibus ya samo tsohuwar kwamfuta da tsohuwar talabijin, ya haɗa wayoyi, kafinta kuma ya yi ta yanka yana gogewa. Wata uku suna wannan aiki, suna zagin juna suna dariya.

Ranar da Filibus ya gama nasa, ya share hannu ya ce, "Kai, mai akwatin zannuwa, wannan ba lefe ba ne. Abin nan numfashi yake yi. Ka bar masa ƙofa a baya, ka huda masa ramuka, in ba haka ba zai dahu kamar ƙwai."

Kafinta ya ce, "Shekara arba'in ban taɓa barin rami a aikina ba, sai yau bawana zai koya mini sana'a? So kake a ce na tsufa na koma yin kejin kaji."

"Ni dai na faɗa maka, kurman tsoho."

Da ya tafi, matar kafinta ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban Ayuba, ka kuwa ji abin da ya ce?"

Ya ce, "Filibus ne fa. Yaushe kika taɓa jin ya yi mini maganar da ba tsokana ba?"

Sai ya yanko allo mai kyau ya rufe bayan akwatin. Ya sa gam, ya buga ƙusoshi, ya cike kan kowace ƙusa, ya goge sumul, ya shafa shuɗin fenti da taurari rawaya. Da sanyin safiya ya kunna shi na ɗan lokaci, ya ga motoci suna gudu, ya kashe, ya lulluɓe shi da zane.

Ista ta zo a tsakiyar bazara. Bayan an tashi daga sujada an ci shinkafa, ya kira jikokin zuwa rumfa ya yaye zanen. Ihun da suka yi har maƙwabta suka shigo. Keziya ta kama sandar, ƙannenta biyu suna tsalle a bayanta, tsohon kuma yana zaune a kujera yana murmushi kamar bai damu ba.

Ba a yi rabin awa ba sai aka fara jin wari kamar na robar da ta ji wuta. Keziya tana dab da cin tsere, fuskar akwatin ta yi baƙi ƙirin.

Kafinta ya tashi ya dafa gefensa, ya ji shi da zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Ya zaga baya. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Aikinsa ne, ko allura ba ta da wurin shiga. Keziya ta saki sandar ta zuba masa ido. Ƙaramin cikinsu ne ya ja zanen uwarsu ya ce, "Mama, gobe za mu tafi ke nan?"

Aka aika aka kira Filibus. Ya zo da jakarsa, ya zaga akwatin sau biyu, ya ce, "To, ta ina zan shiga? Ko in rufe ido in yi masa addu'a daga waje?"

Kafinta ya ce, "Ka yi yadda za ka yi."

Filibus ya ajiye jaka, wannan karon ba dariya a fuskarsa. Ya ce, "Ɗan kawu, ba zan taɓa maka fenti ba. Kai ka rufe, kai za ka buɗe. In ka buɗe, sauran nawa ne."

Tsohon ya daɗe a tsaye, maƙwabta suna kallo. Can sai ya shiga ɗaki ya fito da zarto. Ya huda allon, ya zura bakin zarton, ya yanka ta tsakiyar taurarin da ya zana da hannunsa. Da allon ya faɗi, iska mai zafi ta bugi fuskarsa. Filibus ya durƙusa ya sa hannu, ya sami wata waya da zafi ya narkar, ya sake ta, ya ɗaura wata 'yar fanka da ya ciro daga jakarsa.

Kafinta ya ce, "Wannan fankar fa, yaushe ka tanade ta?"

"Tun ranar da ka kira ni bawa. Na san za ka neme ni."

Suka jira abin ya huce, aka kunna, motoci suka dawo. Keziya ta kama sandar ta ce, "Tsoho, zo in cinye ka." Mako biyu cur jikokin suka yi, ranar tafiya ma da kuka aka sa su a mota.

Daga baya kafinta ya yi wa wurin ƙyaure da sakata, ya huda ramuka sama da ƙasa. Bai shafe tabon zarton da fenti ba. In baƙo ya tsaya yana yabon gaban akwatin, yakan kama hannunsa ya ce, "Zo baya ka ga inda aikin yake."

Ma'anar wannan misali ita ce, akwatin nan zuciyar mutum ce. Da yawa cikinmu mun iya gyara gaba. Ranar Lahadi mukan zo da fara'a da tufafi masu kyau, in an tambaye mu mu ce lafiya lau, alhali a ciki akwai fushin da ya kwana shekara, ko zunubin da ba mu faɗa wa kowa ba, ko baƙin cikin da muka buga wa ƙusa. Muna tsammani rufewar ce take tsare mu. Abin da yake da rai kuwa, in an toshe shi, zafi ne yake taruwa a ciki, ya kuma fi kashe mutum a ranar da ake bukatarsa.

Filibus shi ne ɗan'uwan da Allah yake aiko mana da gargaɗi. Ku lura, kafinta bai ƙi maganar don ƙarya ce ba, ya ƙi ta ne don bakin da ta fito. Sau da yawa Ubangiji yakan sa gaskiya a bakin wanda muka saba da shi har muka daina jinsa, matarka, ko ƙanenki, ko abokin da kullum kuke raha.

Zarton kuma tuba ne. Ubangiji ba ya fasa zuciyar kowa da ƙarfi. Yakan zo da kayan gyaransa a shirye tun kafin mu kira, ya tsaya yana jira, amma wanda ya rufe shi ne zai buɗe. Yankan yana da zafi, wataƙila ma a gaban mutane za a yi shi. Duk da haka ina gaya muku da tabbaci, ba wanda ya taɓa buɗe masa ya koma gida da akwatinsa a mace.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowa ya zaga bayan zuciyarsa a makon nan ya shafa da hannu. In ka ji zafi ba ka kuwa sami ƙofa ba, kada ka ƙara fenti. Ɗauko zarto.