Munduwar Sarki Jatau

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a Birnin Kandarma da ke bayan duwatsu bakwai, an yi wani sarki mai suna Jatau, wanda wani aljani ya koya wa haɗa albarushi, baƙin garin nan mai tsaga dutse. Ya sayar wa sarakunan duniya, su kuwa suka ƙone garuruwan juna da shi.

Al'adar ƙasar ce, tun sarki na raye zabiyar fada take zaɓen sunan da za a sassaƙa a ƙofar kabarinsa. Da tsufa ya kama Jatau, sai ya kira zabiyarsa, tsohuwa Kande, ya tambaye ta nasa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, Mai Toka."

Sarki ya yi kwana uku bai ci abinci ba. Sannan ya sa aljanin ya ƙera munduwar zinariya wadda ba ta kama hannun kowa sai na wanda ya fi amfanar talikai a shekarar, ko daga wace ƙasa yake.

Fadawa, da yake ba su san wani girma ba sai na takobi, suka tara jarumai da 'ya'yan sarakuna. Duk wanda aka zura wa, sai ta sulluɓe ta faɗi ƙasa.

Gimbiya Kyallu, 'yar sarki, ta ɗauki munduwar ta ratsa ƙasashe shida. A ta bakwai, wadda albarushin ubanta ya cinye, ta tarar da wani mahaƙin rijiya, Nomau, yana fasa dutse da ragowar albarushin nan, ruwa na ɓulɓulowa ga ƙauyuka arba'in. Ta taho da shi fada.

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ɗan abokan gaba ne, ga laka har gwiwa!"

Sarki ya ce, "Ban ce a nemo mini wanda yake ƙaunata ba. Zura masa."

Munduwa ta kama hannunsa gam. Aka ɗaura masa aure da Kyallu, aka kuma yi doka kowace shekara a ƙera sabuwa, a nemi mai ita ko'ina a duniya.

Sarki ya sake kiran Kande. "Yanzu fa, Inna?"

Ta ce, "Tokar ba ta goguwa, ranka ya daɗe, an binne mutane a cikinta. Amma na sa masassaƙi ya bar fili a ƙarƙashinta. Kowace shekara za a ƙara suna ɗaya, na wanda munduwa ta kama."

Sarki ya sunkuyar da kai, ya ce a faɗaɗa ƙofar.